Yadda Za Ka Gane Abin Da Ake Nufi Da “Battery” A Turanci, Mataki-Mataki

Tambayar abin da “battery” ke nufi ta sha zuwa, kowa da ƙofar da ya biyo. Ɗalibar da ke karatun lauya ta ga “assault and battery” a takardar darasi, ta rasa me ya haɗa duka da batir. Mai kiwon kaji ya nemi farashin keji, aka turo masa jerin “battery cage”, sai ya tambaya ko sai da wutar lantarki yake aiki. Wani kuma mai fassara labarai ne, ya ci karo da “Patriot battery” a rahoton yaƙin Yukiren, ya tsaya cak. Abu ɗaya ne ya same su duka. Mu Hausawa ma'ana ɗaya tak muka aro daga kalmar, ta batirin tocila da mota da waya, alhali a bakin masu harshen tana da ma'anoni da yawa da ake amfani da su kullum. Ga yadda za ka ware su.

Abin da za ka tanada

Ƙamus na Turanci zuwa Turanci, irin wanda aka yi domin masu koyo: Oxford Advanced Learner's, ko Longman, ko Cambridge. Dukkansu suna intanet kyauta, ɗan data kawai za ka ƙona. Idan rubutun daga Amurka ya fito, ƙara da Merriam-Webster. Amfanin irin waɗannan shi ne suna jera ma'anoni da lamba, kuma suna nuna ko sunan ana ƙirga shi ko ba a ƙirgawa. Wannan alamar za ta yi maka rabin aiki a mataki na 2. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa ka ajiye shi gefe tukuna, sai lokacin zaɓen kalma.

Hattara: kada ka jefa kalmar ita kaɗai cikin manhajar fassara. Batir za ta ba ka, domin ita ce ma'anar da ta fi yawa a rubuce-rubuce, ko da kuwa mutum ne aka lakaɗa wa duka a labarin.

Mataki na 1: Ɗauko jimlar da inda ta fito

Karanta jimlar gaba ɗaya, haɗe da wadda ke gabanta. Sannan ka tambayi kanka: wa ke magana, kuma a ina? Kwalin kaya ko littafin bayanin na'ura, kusan tabbas batirin wuta ne. Takardar 'yan sanda ko ta kotu, maganar duka ce. Labarin yaƙi, bindigogi ne. Asibiti ko makaranta, jerin gwaje-gwaje. Gona, keji.

Wannan zato ne na farko kawai. 'Yan sanda ma suna rubuta rahoto kan ɓarawon batirin mota, sojoji ma suna cajin na'urorinsu. Shi ya sa ba a tsayawa nan.

Mataki na 2: Duba maƙwabtan kalmar

Nan ne sirrin yake. Kalmar da ke gaba da wadda ke bayan “battery” su ne ke tona asirinta.

Idan ta zo da “a” ko “the” ko “my”, ko ta zo a jam'i, “batteries”, kuma babu “of” a bayanta, to abu ne da ake ƙirgawa: yawanci ko batirin wuta ko rukunin bindigogi. Idan ta zo tsurarta, babu komai a gabanta sai kalmomi irin su “charged with”, “guilty of”, “arrested for” ko “sued for”, to laifi ne, domin yawanci ba a ƙirga ta a wannan ma'anar. Idan ka ga “a battery of” sannan jam'i ya biyo baya, misali “a battery of tests”, to jeri ne ko tari. Idan kuma ita ce ke gaban wani suna tana siffanta shi, sunan ne zai yanke hukunci: “battery charger” na wuta ne, “battery hen” na kiwo ne, “battery commander” na soja ne.

Akwai zare ɗaya da zai taimaka maka riƙe su. Asalin kalmar daga Faransanci ne, “battre”, wato dukawa. Daga duka ta koma kan manyan bindigogin da ake jerawa suna dukan ganuwa, daga nan ta koma kan duk wasu abubuwa iri ɗaya da aka jera suna aiki tare. A 1749 Benjamin Franklin ya ara ta ya kira jerin gilasan da yake tara lantarki a jikinsu. Saboda haka ma'anonin gida biyu ne: gidan duka da gidan jeri.

Mataki na 3: Idan batirin wuta ne

Wannan ce ma'anar da kowa ke ganin ya sani, kuma ita ce ta fi cin kuɗin mutane, domin kalmomin da ke kewaye da ita ba ɗaya ba ne.

Fara da “cell”. A wajen masu sana'a, “cell” ƙwaya ɗaya ce, “battery” kuma ƙwayoyi ne da aka haɗa. Batirin mota mai 12V ƙwaya 6 ne a ciki, kowace tana ba da kimanin 2.1V, shi ya sa idan ya cika kake ganin wajen 12.6 a mita. Batirin lithium na sola da ake cewa 48V, yawanci ƙwaya 16 ne masu 3.2V, jimla 51.2V. Amma a maganar yau da kullum ko ƙwaya ɗaya ta rimot “battery” ake ce mata, ba wanda zai ce ka yi kuskure. Ka dai tuna “cell” na nufin ɗakin kurkuku ko ƙwayar halitta a wasu wuraren.

Sauran 'yan'uwan kalmar: “dry cell” shi ne irin na tocila da rediyo. “Primary” na nufin idan ya ƙare sai zubarwa, “secondary” ko “rechargeable” ko “storage battery” na nufin mai ɗaukar caji. “Accumulator” tsohuwar kalma ce ta mai ɗaukar caji, za ka fi ganin ta a tsofaffin littattafan kimiyya da takardun kayan da aka fassara daga Jamusanci ko Faransanci. “Battery pack” ƙwayoyi ne a rufe cikin gida ɗaya, irin na kwamfutar hannu ko injin huda. “Battery bank” batura ne da dama da aka jona wa inbata. “Power bank” kuma wanda ake sa wa a aljihu ne don cajin waya. Kada ka musanya waɗannan uku lokacin yin oda.

Yanzu ɗauko batirin a hannunka ka juya shi. Babban nan na tocila da rediyo za ka ga R20 ko D a jikinsa. Matsakaici na agogon bango AA ne, ko R6, ko LR6. Siriri na rimot AAA ne, ko R03, ko LR03. Harafin L ɗin nan yana nufin “alkaline”, wanda ya fi daɗewa. Mai kama da kwabo na makullin mota, idan an rubuta CR2032, to faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa milimita 3.2, ƙarfinsa 3V. CR2025 da CR2016 faɗinsu ɗaya da shi amma sun fi shi siranta, sai ka ga sun shiga ramin suna rawa, makulli ya ƙi amsawa.

Hattara: “heavy duty” da “super heavy duty” da ake rubutawa da manyan baƙaƙe ba su nufin ya fi “alkaline” ƙarfi. Tsohon samfuri ne na tutiya da gawayi, ya fi araha kuma ya fi saurin ƙarewa. Ya ishi agogon bango, amma kayan wasan yara mai mota ko kyamara nan da nan za su shanye shi.

Hattara kuma: akwai batirin lithium mai lamba 14500, girmansa ɗaya da AA amma 3.7V yake bayarwa maimakon 1.5V. Idan ka zura shi a na'urar da aka yi don AA, kana iya ƙona ta. Wanda kuma aka rubuta “do not recharge” a jikinsa, kada ka gwada yi masa caji, yana iya fashewa ko ya yi yoyo. Mai kama da kwabon nan ka ɓoye shi daga yara. Idan yaro ya haɗiye shi, asibiti za a nufa nan take, domin yana ƙone maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

A ɓangaren manyan batura, kalmomi biyu ne ke raba gardama. “Starter” ko “cranking battery” na tayar da mota ne, yana ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. “Deep cycle” na inbata da sola ne, an yi shi don a riƙa jan wuta a hankali tsawon dare. Mutane da yawa suna ɗora na mota a inbata don ya fi araha, bayan 'yan watanni ya mutu, a sake fitar da kuɗi. “Tubular” da “flooded” masu ruwa ne, kuma idan takarda ta ce “top up”, tataccen ruwa ake nufi, ban da ruwan famfo, ban da ƙarin asid. “Sealed” da “maintenance-free” ba a buɗe su.

Sai maganganun halin da batir ke ciki. Baturen Ingila zai ce “the battery is flat”, na Amurka ya ce “the battery is dead”, dukkansu suna iya nufin caji ne kawai ya ƙare. Don haka kada ka ji “dead” ka garzaya sayen sabo, gwada caji tukuna, ko a jona maka da wata mota, abin da suke kira “jump-start”. “Battery life” yawanci tsawon lokacin da caji ɗaya ke ɗauka ne. “Lifespan” shekarun da batirin zai yi kafin ya tsufa. “Battery health”, kamar yadda ake gani a iPhone, yana nuna kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali. Mai sayen waya na hannu wannan na ukun zai duba, domin waya na iya nuna caji 100 alhali lafiyar batirinta ta sauka ƙasa da 80.

Lambar mAh ko Ah yawan cajin da yake ɗauka ce, Wh kuma yawan makamashi. Lissafin: V sau Ah. “Power bank” mai 20,000mAh, wato 20Ah, a kan 3.7V ya kama 74Wh. Matafiya su lura: ƙa'idar da yawancin kamfanonin jiragen sama ke bi ita ce har zuwa 100Wh a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, kuma ba a sa shi a akwatin da za a loda a ƙasan jirgi.

Mataki na 4: Idan maganar kotu ce

A dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, “battery” shi ne kai hannu ko wani abu jikin mutum da gangan, ba da yardarsa ba kuma ba bisa doka ba. Ba sai an ji ciwo ba. Ture mutum, tofa masa yawu, watsa masa ruwa, duk suna iya shiga ciki. Likita ma idan ya yi wa mutum tiyata ba da amincewarsa ba, ana iya kai ƙararsa da wannan sunan. “Assault” kuma, a ma'anarsa ta lauyoyi, shi ne sa mutum ya ji cewa yanzun nan za a taɓa shi da ƙarfi, kamar a ɗaga masa hannu ko a zaro masa sanda. Idan an ɗaga hannun kuma an sauke shi a jikinsa, an yi duka biyun ke nan, shi ne “assault and battery”. A jarida da hira kuwa “assault” kaɗai kan ɗauke duka biyun.

Jimlar da ta fi kayar da masu fassara ita ce “he was charged with battery”. Kalmomin biyu duka suna kama da na caji, amma ma'anar ita ce an tuhume shi da laifin duka ko cin zarafi. Rashin “a” ko “the” a gaban kalmar shi ne shaidarka.

Hattara: “sexual battery” ba a fassara shi da duka. A jihar Florida ta Amurka sunan da doka ke kiran fyaɗe ke nan, a California kuma yana nufin taɓa tsiraicin mutum ba da yardarsa ba. Laifuka ne biyu masu nisan tazara, kuma rubuta ɗaya a madadin ɗaya zalunci ne ga wanda aka cuta ko ga wanda ake tuhuma. Duba jihar da labarin ya fito kafin ka zaɓi kalma. “Domestic battery” duka ne tsakanin ma'aurata ko 'yan gida ɗaya. “Aggravated battery” wanda ya yi tsanani ne, saboda makami ko mummunan rauni.

A Arewacin Najeriya, dokar Penal Code wasu kalmomi take amfani da su: “criminal force”, “assault”, “hurt” da “grievous hurt”. Su za ka fi gani a takardar tuhuma. “Battery” ta fi fitowa a ƙarar neman diyya da littattafan ɗaliban lauya. Idan takardar shari'a ce ta shafe ka kai tsaye, kai ta wajen lauya, kada ka tsaya kan ƙamus.

Kalmomin da ke kusa da ita a nan su ne “beating”, “attack”, “assault” da “violence”, amma babu wadda ta yi daidai da ita ɗari bisa ɗari. “Beating” ta fi ta nauyi, tunda tana nuna an yi ta jibga. Aikatau ɗin kalmar “batter” ne: “battered woman” mace ce da ake yawan duka, “battered car” mota ce da ta sha jiki, amma “battered fish” kifi ne da aka tsoma a kwaɓin fulawa kafin a soya.

Mataki na 5: Idan labarin soja ne

“Battery” rukuni ne na sojojin atilare tare da manyan bindigoginsu, daidai da abin da ake kira kamfani a wajen sojojin ƙasa. Yawanci bindiga 4 zuwa 8 ne. A tsarin Ingila manjo ne ke jagorantarsa, a na Amurka kyaftin. Wanda ya san barikin Kachia a Jihar Kaduna, inda makarantar atilare ta sojan Najeriya take, ya saba jin kalmar a haka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ta makami guda. Lokacin da Amurka ta sanar a Disambar 2022 cewa za ta ba Yukiren “a Patriot battery”, ba makami mai linzami ɗaya ake nufi ba. Tsari ne cikakke: na'urar hango jirage, ɗakin sarrafawa, injin ba da wuta, da motocin harbawa da kan kai 8. A Hausa ka ce rukunin makaman kakkaɓo jirage da makamai masu linzami samfurin Patriot. “Shore battery” ko “coastal battery” manyan bindigogi ne da aka girke a bakin teku.

Mataki na 6: Idan ka ga “a battery of”

Cire ta ka sa “series”, “set”, “range” ko “array”. Idan jimlar ta zauna, ka kama. “The doctor ordered a battery of tests” na nufin likita ya rubuta jerin gwaje-gwaje. “A battery of lawyers” tawagar lauyoyi ce. “A battery of cameras” tarin kyamarori ne da aka saita wa mutum. “A battery of questions” ruwan tambayoyi ne, a nan “barrage” ce ta fi kusa. Kalmar tana ɗauke da nauyi: abubuwan suna da yawa, kuma suna fuskantar mutum lokaci guda. Don haka “wasu gwaje-gwaje” ya yi mata sauƙi. Wani lokaci takan zo ba tare da “of” ba, a sunayen jarabawa, kamar ASVAB da ake yi wa masu neman shiga sojan Amurka, inda harafin ƙarshe ke tsaye a madadin “battery”.

Mataki na 7: Idan maganar kaji ce

“Battery cage” keji ne na waya da aka jera layi-layi, hawa-hawa, don kaji masu ƙwai. Babu ruwansa da lantarki. Kishiyarsa a bakin masu kiwo ita ce “deep litter”, wato a sake kaji a ɗaki a kan dusar katako. Keji ya fi cin kuɗi a farko, amma ƙwai ya fi tsafta kuma ya fi sauƙin tarawa. Lokacin tambayar farashi, tambayi kaza nawa saiti ɗaya ke ɗauka da hawa nawa ne, domin da haka ake kwatanta tsada da araha.

A Turai kalmar na da ɗaci. Tarayyar Turai ta hana amfani da tsohon samfurin wannan keji daga farkon 2012, kuma idan Bature ya ce “battery hen” ko “battery farming”, sau da yawa suka yake yi kan cunkusa dabbobi. Idan kana tallan ƙwai ga irin waɗannan masu saye, san abin da kunnensu ke ji.

Mataki na 8: Ƙananan ma'anoni

“I need to recharge my batteries” na nufin ina bukatar hutu in dawo da kuzari. Matasa kan ce “my social battery is low”, wato sun gaji da cuɗanya. A wasan besbol, mai jefa ƙwallo da mai cafewa su biyu ake kira “battery”. A wasan dara na “chess”, 'ya'ya biyu ne da aka jera a layi ɗaya suna kai hari. A badujala, sashen masu ganguna ne. Idan kuma da babban baƙi ta zo, sunan wuri ne, kamar Battery Park a ƙarshen kudancin Manhattan, birnin New York, wanda ya samo sunan daga bindigogin da aka taɓa girkewa a wajen. Sunan wuri ba a fassara shi.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suna da ƙarin tarko. A can “pile” ne ƙaramin na tocila, “batterie” kuma na mota da waya, sannan “batterie” na nufin saitin gangunan mawaƙa. Turanci bai raba na farko da na biyu ba, duk “battery” ne, saitin ganguna kuma “drum kit” ne. Laifin da Turanci ke kira “assault and battery”, Faransanci “coups et blessures” yake ce masa.

Mataki na 9: Gwada, sannan ka rubuta

Kafin ka sa Hausar, yi gwajin musanya da Turancin kansa. Sa “cell” a gurbin kalmar, sa “beating”, sa “gun unit”, sa “series”. Guda ɗaya ce za ta bar jimlar da ma'ana. Koma ƙamus ka nemo lambar wannan ma'anar, ka karanta misalan da ke ƙarƙashinta, ka tabbatar sun yi kama da jimlarka. Sai a lokacin za ka zaɓi batir, ko duka da cin zarafi, ko rukunin bindigogi, ko jeri, ko keji.

Idan kai ne mai rubuta Turancin, kalmar “t” biyu take da shi, jam'inta “batteries”, ba “batterys” ba. Kada ka rubuta “he committed a battery” a wasiƙa ta yau da kullum, “he hit me” ko “he attacked me” ya fi fita, ka bar wa lauya kalmarsa. Wajen yin oda a intanet kuma kada ka rubuta “battery” kaɗai: haɗa da lambar girma, da V, da Ah, da nau'i, misali “12V 200Ah deep cycle”. Sannan ka duba ƙasan bayanin kayan, ko an rubuta “batteries not included”, domin wannan na nufin na'urar za ta iso ba batir a ciki, sai ka sayi naka daban.